Takubba uku a bangon masauki: tafiyata Birnin Kebbi da Argungu

Sana'ata ɗab'i ce. Ina da ɗan shago a Kano inda muke buga kalanda, katin biki, rajistar makarantu, da fastocin 'yan siyasa idan kakarsu ta kama. Wata makaranta mai zaman kanta a Birnin Kebbi ta ba ni aikin rajista da takardun sakamako, kuma da yake mai makarantar aminin yayana ne, sai na ga bai dace in ɗora kaya a mota in tura masa lambar direba kawai ba. Na ɗaure katan-katan ɗina, na bi su da ƙafata.

Ana idar da sallar asuba muka bar tasha. Duk direban da ya san hanyar Sakkwato a 'yan shekarun nan ba ya wasa da sammako, don kowa so yake ya ratsa tsakanin Funtuwa, Tsafe da Gusau da rana tsaka. Daga Gwarzo zuwa Malumfashi ana ta hira, ana musu a kan tsadar masara. Da muka shiga dajin Zamfara sai motar ta yi tsit, dattijuwar da ke kusa da ni ta ciro carbinta, ba ta mayar da shi jaka ba sai da muka wuce Talatar Mafara. Kuɗin mota kuwa ba a magana. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da mutum yake biya da can ya je ya dawo, yanzu da ƙyar ya kai shi, ga shi kayana sun ci kuɗin kujera biyu.

Na kwana a Sakkwato wurin wani ɗan uwa, da safe na kama hanyar Jega: Boɗinga, Shagari, Tambuwal, sai Aliero, inda warin albasa ke tarye ka tun kafin ka ga rumfunan. A wannan hanya idona bai rabu da bayan manyan motocin katako ba. Wannan an zana masa zaki ya danne barewa, wancan mikiya ta buɗe fikafikai, wani kuma doki ne ya yi tsaye da ƙafa biyu. Masu fentin nan ba su je makarantar zane ba, amma sun san abin da ido ke so, kuma aikinsu na yawo daga Jega har Legas. Daga Jega muka karkata ta Kalgo, inda jami'ar tarayya take, muka shiga Birnin Kebbi wajen azahar.

Bakano idan ya sauka garin nan, abin da zai fara ji shi ne sarari. Tituna masu faɗi, ba cunkoso, ba hayaƙin da ke sa ido ruwa kamar na Ƙofar Wambai da yamma. 'Yan kabu-kabu na nan suna aikinsu, abin da muka rabu da shi a Kano tun 2013. Garin ya zama babban birnin jiha ne ran 27 ga Agusta 1991, amma tsufansa ya wuce haka nesa: nan ne fadar Kabi take har 1805, lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi Fodiyo ta ci shi, kuma yau nan Sarkin Gwandu yake zaune. Na miƙa kaya, aka ƙirga, aka sa hannu, magana ta ƙare.

Mai makarantar ya hana ni taɓa aljihu. "Ai kai ƙanena ne, baƙon da yaz zo daga Kano ba ya biyan ɗaki ina raye," in ji shi. Ya kai ni wani ƙaramin masauki, kafin magariba kuma yaro ya iso da kwanuka daga gidansa: tuwon shinkafa, miyar sure da kifi banda a ciki, da kwanon fura mai sanyi. Shinkafar sabuwa ce, ƙanshinta daban yake da wadda ta kwana biyu a sito kafin ta iso Dawanau.

A falon karɓar baƙi na masaukin ne na ga hoton. Yana rataye saman kujerun zama, cikin firam mai ruwan zinariya. Dattijo a tsakiya ya ɗaga takubba uku da hannu ɗaya, samari uku da hulunan ƙarfe sun miƙa hannuwa gare su, a gefen dama kuma mata sun langaɓe suna kuka, ɗaya ta rungume yara biyu a cikin inuwa. Bayansu ƙofofi uku masu baka, kowace ta tsare rukuni ɗaya. Na san zanen tun ina koyon aiki, domin yana cikin wani tsohon littafin gwajin launi da maigidana ke auna idonmu da shi. Na tambayi yaron da ke kan teburi ko ya san mene ne. Ya ce, "Wallahi Malam, ni na ɗauka hoton wani fim ne. Alhaji yas sawo shi tare da kujerun."

Aikin wani Bafaranshe ne, Jacques-Louis David, ya yi shi a birnin Rum a 1784, aka nuna shi a Faris a 1785, kuma yanzu yana gidan tarihi na Louvre. Na ainihin tsayinsa ya haura mita 3, faɗinsa ya haura mita 4, mutanen ciki kusan girman mutum suke. Labarin tsohuwar almara ce ta Rumawa. Garin Rum da garin Alba Longa sun ja dagar yaƙi, sai aka yarda a hutar da jini: kowane gari ya fitar da 'yan uwa uku su kara, wanda nasa suka yi nasara shi ke da mulki. Waɗannan samarin, 'ya'yan gidan Horatii, rantsuwa suke yi wa ubansu cewa ko nasara ko mutuwa. Kukan matan kuwa yana da dalili, domin akwai auratayya tsakanin gidajen biyu, kuma ƙanwar samarin an yi mata baiko da ɗaya daga cikin abokan gabar. Duk ɓangaren da ya ci, su sun yi rashi. Ƙarshen labarin ma ya fi muni: ɗaya ne ya dawo da rai, da ya tarar ƙanwarsa na kukan saurayinta, sai ya kashe ta.

Zamanin da aka yi zanen, Turawa sun kamu da son koyi da mutanen da na Girka da Rum. An fara tono garin Herculaneum a 1738, Pompeii kuma a 1748, garuruwan da dutse mai aman wuta ya binne, sai ga gumaka da zane-zanen bango suna fitowa daga ƙasa. Masu zane suka watsar da ƙyale-ƙyalen fada, suka koma ga layi mai tsabta, jiki a miƙe, da labaran alloli da jarumai. Wannan salo ne ya yi tafiya har ya iso bangon masauki a bakin fadamar Rima.

Sai dai ya iso a gajiye. Na matsa kusa, na ciro ɗan gilashin da muke duba ɗigon tawada da shi, wanda ba ya barin aljihuna. Takardar siririya ce mai ƙyalli, irin ta fasta. An jawo hoton daga ƙaramin kwafi aka buɗa shi fiye da ƙarfinsa, har bakin takubban ya zama tsani-tsani. Launi huɗu ake haɗa irin wannan bugu da su, shuɗi, ja, ɗorawa da baƙi, kuma a tawada mai arha ja da ɗorawa su ke fara guduwa idan rana ta dake su. Mayafin dattijon, wanda David ya yi shi ja jawur don ya riƙe tsakiyar zanen, ya koma toka-toka, komai ya rine zuwa shuɗi, kamar atamfar da aka shanya aka manta da ita a igiya. Ƙura ta shiga ta ƙasan gilashin, wani ƙwaro ya mutu daidai ƙafar babban ɗan. Duk da haka hannuwan nan uku da suka miƙe ba su rasa ƙarfinsu ba, kuma na ga wani baƙo mai jiran makulli ya tsaya yana kallonsu ya fi minti guda.

Da safe na shiga babbar kasuwa neman masu firam. Na sami wani a layin masu labule da agogon bango. Abin da ya fi tafiya a wurinsa sananne ne: Ka'aba, Masallacin Madina, Ayatul Kursiyyu da ruwan zinariya, sai furanni da magangarar ruwa. Da ya ga ina tono na ƙasa, ya ce, "Alhaji, waɗanga ba su da kasuwa, cikin dila sunka zo." Ya jawo wani da ya juya fuskarsa ga bango. Wani ƙato ne mai gemu zaune kan karaga a cikin gajimare, sanda a hannu, mikiya a gefensa, wata mace ta durƙusa tana shafar gemunsa tana roƙo, mayafinta ya zame. Zanen Ingres ne, almajirin David, na 1811: Jupiter, sarkin allolin Rumawa, da Thetis, wata 'yar ruwa da ta zo nema wa ɗanta Achilles alfarma. Na ainihin yana wani gidan tarihi a kudancin Faransa. Mai shagon ya ce Naira 15,000, amma zai bar mini a 11,000, kuma ya faɗa mini gaskiya cewa masu sayen irinsa firam ɗin suke so, suna zuwa gida su zare takardar su sa hoton aure. Ban ga laifinsu ba. Ni ma ba zan rataye shi a falon da surukata ke zama ba. A Sabon Garin Kano firam irin wannan ya ɗan fi sauƙi, don daga can ma ake sarowa a ƙara kuɗin mota.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi labarin wata 'yar ruwan Girka ya san hanyar kasuwar Birnin Kebbi. Zane ɗaya ne tak a duniya, yana rataye a ɗaki ɗaya. Kwafi ne ke ba shi ƙafa. Tun kafin kyamara akwai masu sassaƙa zane a kan farantin jan ƙarfe, su shafa tawada su danna a takarda, a sayar wa wanda ba zai taɓa zuwa Faris ba. A 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya ƙirƙiro bugu da dutse, wanda shi ne kakan injinan da muke aiki da su yau. A 1797 aka kafa sashen buga irin waɗannan hotuna a Louvre, kuma har yanzu ana bugawa daga tsofaffin farantan. Yau manyan gidajen tarihi na sayar da kwafi a kan takardar auduga mai kauri da tawadar da ke jure haske, su kuma 'yan kasuwa na buga na talaka a cika kwantena.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. A ɗakin kakata akwai hoton Buraƙa da fikafikanta da na Shehu Abdulƙadir, an manna su saman jeren kwalla. Hoton Mamiwata kuma, matar nan mai tulin gashi da maciji a wuya, asalinsa tallar wata mai wasa da macizai ce da aka buga a Hambog ta Jamus a shekarun 1880, aka sake buga shi a Bombai a 1955, ya bazu a Afirka ta Yamma har mutane suka ɗauke shi a matsayin ainihin kamannin aljanar ruwa. Takarda mai arha ta ba wa abin da ba a taɓa gani ba fuska, kuma fuskar ta zauna.

Da yamma mai masaukina ya kai ni bakin fadama ta wajen Dukku. Daga kan tudu sai ka ga shinkafa kore shar iya ganinka, injinan ban ruwa na ta ƙara, samari cikin laka har gwiwa. A garin nan aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Banki a watan Nuwamban 2015. Na ce masa zan koma gida ta hanyar da na zo, ya ce atafau, wanda ya zo Kabi bai ga Argungu ba bai zo ba.

Washegari na kama hanyar Argungu, wadda ba ta da tsawo. Mun wuce Ambursa da filin jirgin sama, muka wuce Alwasa, inda aka gwabza ƙazamin yaƙi a 1805 aka yi wa masu jihadi ɓarna mai yawa. Direban ya nuna wajen da baki ya ci gaba da tuƙinsa. Kana shiga Argungu za ka ga tireloli a layi wajen kamfanin casar shinkafa na WACOT, wanda aka buɗe a 2017.

Ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, don haka na sami kogin Matan Fada shiru, sai 'yan kwale-kwale a ɗaure. Wani tsohon masunci na zaune yana ɗinkin homa, gorarsa a gefe, ta yi santsi don shekaru. Na gaishe shi, "Baba, sannu da aiki." Ya matsa mini a kan tabarma. Na tambaye shi dalilin da ba a su a wannan yanki. Ya ce, "Ɗana, wanga ruwa da kaka gani shina da masu shi. In Sarkin Ruwa bai ba da izini ba, babu mai jefa homa." Ya ba ni labarin yadda ake gyaran ruwa kafin biki, yadda ake neman kadoji su kauce, da yadda dubban mutane ke tsayawa a gaɓa, homa a hannu biyu, gora a ƙirji, ana ba da alama su ruga su faɗa ruwa lokaci guda neman giwan ruwa. Bikin ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka yi masa su don girmamawa, abin da ya rufe gabar da ta fi shekara ɗari tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Tsohon bai bar ni na tashi ba sai da jikansa ya kawo gasasshen kifi a takarda da yaji. Da na sa hannu aljihu ya ɓata rai. Wanda na saya daga baya don tsaraba kuwa, kuɗinsa bai kai biyu bisa ukun abin da nake biya a Kano ba.

Daga nan na je gidan tarihi na Kanta. Ginin tsohuwar fada ce da ake danganta ta da 1831, sarakunan Kabi sun zauna cikinta har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, kuma a nan ake binne sarakunan. Ya tuna mini da Gidan Makama, sai dai nan warin yaƙi ya fi yawa: masu, takubba, kwari da baka, layu, tambura. Jagoran da ya zagaya da mu ya iya bakinsa. Ya faɗi yadda Muhammadu Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, suka saɓa a kan rabon ganima wajen 1516, Kanta ya ɓalle ya kafa daularsa, Songhai ta kasa mayar da shi. Ya faɗi ganuwar birninsa Surame, wadda kufanta ke cikin Jihar Sakkwato yanzu, da labarin da ake bayarwa cewa mutanen Nupe sun makara zuwa aikin gini, Kanta ya ce su kwaɓa ƙasar rabonsu da man kaɗe maimakon ruwa. Ya faɗi jirgin ruwansa da aka ce an lulluɓe da jan ƙarfe. Ya faɗi yadda kibiya ta same shi a ƙasar Katsina yana dawowa daga yaƙin Borno, aka ɗauko gawarsa zuwa gida.

Ina sauraro ina lissafi irin na mai ɗab'i. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zane ne cikakke. Kanta gaban Askiya, ganima a zube tsakaninsu. Nufawa da tulunan man kaɗe a gindin ganuwa. Sarkin Musulmi a gaɓar Matan Fada, jikokin waɗanda suka yi wa juna kisa suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Wannan na ƙarshen, a wurina, ya fi rantsuwar gidan Horatii daraja, don can 'yan uwa sun rantse su kashe surukansu ne, nan kuwa an ajiye takobi an shiga ruwa. Na zaga kasuwa da bakin tasha ina neman hoto ko da guda na irin waɗannan in kai wa 'ya'yana. Abin da na samu tsofaffin fastocin biki ne, fuskokin manyan baƙi sun cinye rabin takardar. Abin ya dame ni ƙwarai, har da kasancewar mu masu injinan ne ke da rabin alhakin.

Akwai maganar addini, kuma ba ƙarama ba ce. Wani malami da muka yi sallar la'asar tare ya tunatar da ni hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar abu mai rai, da kuma cewa mala'ikun rahama na ƙaurace wa gidan da aka rataye ta. Na karɓi maganarsa da girmamawa, kuma shi ya sa ba na ganin hanyarmu ita ce mu kwaikwayi Ingres mu zana aljanun ruwa tsirara. Amma ganuwar Surame ba ta da rai, haka jirgin jan ƙarfe, haka homa da gora da tambura da fadamar shinkafa. Masu bin fahimtar da ta halatta hoto kuwa tuni bangonsu ya cika da hotunan shehunai da sarakuna. Ga kuma misali a gida: Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, ya shafe rayuwarsa yana buga almarar Urhobo a takarda, har ayyukansa suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya. A Zariya ya koyi aikin.

A bakin tashar Argungu na sami wani saurayi mai rubuta allunan shaguna da fentin bayan motoci. Ina yaba wani doki da ya zana, sai ya ciro littafin makaranta mai murfi a yage ya nuna mini abin da yake yi idan ba aiki. Masunta ne a guje, an zana su da biro daga gefe, homa a buɗe sama da kawunansu, ƙafar na gaba ta riga ta taɓa ruwa. Bai taɓa jin sunan David ba, amma ya jera hannuwan nan a layi ɗaya yadda ido zai bi su har cikin kogi. Na ce masa idan ya mayar da shi babba da fenti, zan ɗauke shi da na'urar kwafi mai kyau, in buga kaɗan na gwaji a kan takarda mai kauri da zan sa a kawo daga Legas, sunansa a ƙasan kowane ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na ciniki nasa. Mun yi lissafi a bayan kwalin taliya, muka ga za a iya sayar da shi da firam a ƙasa da abin da aka nema a hannuna kan Jupiter.

Na tambaye shi yadda zai yi da Kanta, tunda ba wanda ya san kamanninsa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Yallaɓai, ta baya zan zana shi, tsaye cikin jirgi, shina kallon Surame. Kowa ya sa mishi huskar da yaka so, malamai ma ba su cewa komi." Na ba shi kuɗin fenti da ƙyalle, muka yi alkawari sai bayan an yanke shinkafa, don shi ma yana da ɗan fegi a fadama. Motar Sakkwato ta cika, yaron mota na ta buga murfi, na karɓi ƙullin kifina na shiga.